Ƙullin da nake sakewa a bayan idonsa

Inna Zdenka, don Allah ki taimake ni da shawara, na rasa wanda zan gaya wa.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ni da maigidana Dinko muna gyaran katamaran ɗinmu, jirgin ruwan nan mai ciki biyu, a tashar Shibenik. Tsoho muka same shi, yana yoyo. Mu muka kankare gansakuka, muka sake igiyoyi, ƙyallen iskarsa ma da hannuna na ɗinke. Burinsa idan ya bar aiki mu ƙetare Atlantika. Ni da ko wankan teku ba na so, sai ga shi na fi shi ɗoki.

Bara mantuwa ta fara kama shi. Likita ya ce ba shi ba doguwar tafiya, ya ji da kunnensa, amma ya manta. Kullum da safe sai ya ɗauki burodi da kifinsa ya nufi jirgi, yana tsokanata da kyaftin ɗin bogi, yana tambaya ko a Nuwamba za mu tashi. Sai in ce e. Mutumin da ya koya mini ƙulli, yanzu idan ya ɗaure igiya sai na faki idonsa na kwance na sake. Shekaranjiya ya kama ni. Bai yi faɗa ba, zama kawai ya yi yana kallon hannuwansa. 'Yarmu Tihana ta ce a rabu da jirgin tun babanta bai faɗa ruwa ba. Na kasa. Cutarsa nake yi, ko tausayinsa?

Matar matuƙi

'Yar'uwa, Tihana tana da gaskiya. Teku ba ruwansa da tausayi, don haka kada maigidanki ya ƙara zuwa tashar shi kaɗai, kuma rigar ceto ta zama dole. Ke ma kina da taki gaskiyar: jirgin nan yana cikin 'yan abubuwan da har yanzu yake ganewa, kada a yi gaggawar raba su.

Ki daina amsa masa Nuwamba. Idan ya tambaya, ki ce ranar Asabar za ku tsibirin Zlarin, kuma ku je, ai kusa ne. Ku zaɓi ranar da ruwa ya kwanta, ku tafi da Tihana ko matuƙin da kuka yarda da shi, a bar Dinko ya riƙe sitiyari. Batun igiya kuwa, ki bar ɓoyo. Ki riga shi ɗaurewa, ki ce ya duba miki ko ta yi.

Ranar rabuwa da jirgin tana nan tafe. Ke da 'yarki ku yanke ta cikin natsuwa. Ki kuma nemi wadda za ki riƙa yi wa kuka, mai jinya ma yana gajiya. Allah ya ba ki juriya, ya sassauta masa.