Ta Haddace Littafin Kaf, Buhun Gero Ya Tona Asiri

Hajiya Maimunat, don Allah ki taimake ni kafin in yi abin da zai kai ni gaban mai unguwa.

Shekarata arba'in da biyar, muna zaune a wani ƙauye kusa da Watari. Ba yabon kai ba, ni ake kawo wa takardar asibiti da saƙon waya in karanta, littattafaina kuwa sun fi kwanukana yawa. Autata Ummu Salma tana aji biyu na firamare. Saura mako uku a yi musu gwajin karatu, kuma an ce wanda ya faɗi zai maimaita aji, ƙawayenta su wuce su bar ta.

Da hankalina a kwance yake, don kullum bayan la'asar sai ta rera littafinsu daga bango zuwa bango, har da rangaji. Babanta, Malam Sama'ilu, har maƙwabta yake kira su zo su ji. Shekaranjiya muna ɗura gero na nuna mata buhu na ce ta karanta abin da ke jiki. Sunan ubanta ne fa, da jan fenti! Ta kalli buhun, ta kalle ni, sai ta fara rera shafin farko na littafin. Na juya mata littafin ƙasa a sama, ta zuba karatu ko tuntuɓe babu.

Haushin malaminsu nake ji, wanda yake faɗa yara tamanin suna amsawa. Haushin maigidan nake ji, da ya yi dariya ya ce haka ya yi a makarantar allo. Na kaina ma ya fi. In je makarantar in sauke wa malamin kwandon magana ne?

Uwar Auta

Uwar Auta, na yi dariya, amma ajiye mayafin tukuna. Malamin da ke da yara tamanin ba shi da dabarar da ta wuce amshi. Ki je ki gaishe shi da mutunci, ki tambayi yadda gwajin zai kasance. Maigida ma bai yi ƙarya ba, hadda baiwa ce. Sai dai ki tuna masa cewa ko a makarantar allo da babbaƙu da farfaru ake farawa.

Ki ɓoye littafin nan. Ki baza gero a faifai, ki rubuta harafi da yatsa, ta faɗi sautinsa, ta goge ta rubuta da kanta. Daga nan ku shiga haɗawa: ba, bi, bu, sannan kalmomin gida irin su tasa, rumbu, akuya. Minti goma da safe, goma da yamma. A mako na uku ki rubuta gajeren labarin da ba ta taɓa ji ba, ta karanta wa wata maƙwabciya, don ta saba da baƙuwar fuska. In ta yi kuskure ki haɗiye faɗan, tsoro yana kulle bakin yaro.

Ba zan yi miki alkawarin za ta zo ta ɗaya ba, amma yarinyar da ta haddace littafi guda haruffa ba za su gagare ta ba. Ki rage buhu ɗaya babu rubutu. Ranar da ta shirya, ki miƙa mata fentin ta rubuta sunan babanta, sannan a kira maƙwabtan. Allah Ya ba ta sa'a, Ya sanyaya miki zuciya.