Hasumiyar Baba da Ƙofar Kaka

Litinin, 18 ga Afrilu, 1994

Ni da bakina! Yau Direkta Zaidu ya tara mu malamai, wai bana makarantarmu za ta shiga faretin ranar ƙasa, 20 ga Mayu, da abin da za a daɗe ana zancensa. Yara za su turo hasumiyar haɗin kan ƙasa, irin ta Yaoundé, babban birni, a kan pus-pus, amalanken turawa. Ya tambaya wa ya taɓa ganinta ido da ido. Na ɗaga hannu kamar za a raba tsire. Shi ke nan aka ɗora min aikin. Har na ƙara da cewa babana kafinta ne.

Kafinta ne, ban yi ƙarya ba. Abin da ban faɗa ba, tun da kamfanin katako ya sallame su bara bai sake taɓa guduma ba. Yana kan tabarma, rediyo a kunne, ko gemu ya daina gyarawa.

Direkta ya kuma tuna mana cewa bayan hutu za a rage malamai. Sama yake kallo da ya faɗa, amma kowa ya san ni ce sabuwa.

Laraba, 20 ga Afrilu

Na nuna wa Baba hoton hasumiyar da ke littafin tarihi. Ya duba, ya miƙo min, ya ce, "Uwata, ƙyale ni." Da la'asar na gan shi ya ɗauko littafin da kansa, ya juya shi sama da ƙasa. Na yi kamar ina tsintar shinkafa.

Asabar, 23 ga Afrilu

Ya yarda! Amma da sharaɗi: hasumiyar kawai zai yi, mutum-mutumin tsohon nan da ke gabanta a hoton ba da hannunsa ba. Na ce wa ma ya tambaye shi tsoho.

Ya ce tsawonta fa? Na ce ranar da na tsaya a gindinta sai da ɗankwalina ya zame don ɗaga kai. Inna ta leƙo daga madafa ta ce, "To me ta yi wa mutane da aka miƙe ta haka?" Na yi mata bayani irin na aji: abin da ya girma a tarihi da girma ake gina shi, don duk wanda ya tsaya a ƙasa ya ji ƙanƙantarsa. Ta ce ita farashin manja ma ya isa ya sa ta ji ƙanƙantarta.

Talata, 26 ga Afrilu

Baffa Ɓoɓɓo, abokin Baba mai dako a kasuwar Mboppi, ya kawo fasassun akwatunan kaya cike da pus-pus. Wajen shigowa ya buga goshi a ƙofarmu, kamar yadda kowane baƙo yake yi. Wannan ƙofa! Kaka ne ya gina ta da hannunsa lokacin da ya sauka unguwarmu New Bell da fataucin goro, kuma shi gajere ne, bai yi tunanin jikoki ba. Tun ina sakandare nake roƙo a ɗaga ta. Kunyarta nake ji in ƙawayena na Akwa, unguwar masu hali, sun zo.

Lahadi, 1 ga Mayu

Zarto ne ya tashe ni. Wallahi na manta yadda ƙararsa take da daɗi.

Alhamis, 5 ga Mayu

Direkta ya zo dubawa. Hasumiyar ta kai kafaɗar Baba, igiyoyi biyu na siririn katako suna naɗe juna har sama, gwanin kyau. Direkta ya zagaya ta, ya taɓe baki, ya ce, "C'est petit, ta yi ƙarama, Madam Raudatu. Ƙasa guda ce fa ta haɗu, ba kishin unguwa aka sasanta ba." Wai makarantar Nkololoun zaki suke yi wanda ya fi tasi girma.

Na zaci Baba zai yi fushi. Ina! Direkta na fita, Baba ya ce, "Zaki? Na Nkololoun?" Ya tofa yawu a tafin hannu ya ɗauki zarto.

Lahadi, 8 ga Mayu

Ta wuce igiyar shanya. Inna ta fara rataya tsumma a jikinta, Baba ya yi mata faɗa kamar ta zagi gwamna. Ta ce, "Malam, yi haƙuri, ban san an buɗe ofis a tsakar gidana ba." Ya ci tuwo har da ƙari. Ya aske gemu.

Laraba, 11 ga Mayu

Ba na son rubuta wannan.

Don kada iska ta kayar da ita, Baba ya faɗaɗa gindin. Na dawo makaranta, na sunkuya na shigo, na ɗago na kalle ta, na waiwaya na kalli ƙofa. Na sake aunawa da ido. Ko a kwance ba za ta fita ba.

Na buɗe baki zan faɗa. Yana can saman tsani, ƙusoshi a baki, yana 'yar waƙarsa ta hanci wadda rabona da jin ta tun kafin a sallame su. Ya ce, "Uwata, a ƙara ko ta isa?"

Na ce a ƙara.

Asabar, 14 ga Mayu

Na ce a raina, ta saman katanga za mu ɗaga ta. Na duba katangar: rufin maƙwabta ta ko'ina, ga wayoyin lantarki a cukurkuɗe kamar taliya. To, Allah zai kawo dabara. An shafe ta da siminti tsararo, an yi fenti. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, muka rufe ta da ledar Baffa da labulen ɗakina.

Alhamis, 19 ga Mayu

Kai, yau na ga abu.

Bayan azahar Direkta ya zo da pus-pus da manyan yaran aji. Da ya gan ta sai da ya cire tabarau. "Voilà! Wannan ita ce ƙasa!" Baba ya tsaya a gefe yana murmushi, hannu a baya. Aka kwantar da ita a hankali, aka nufi ƙofa. Kai ya fita. Gindi ya ce sam.

Aka juya, aka karkata, Baffa yana ba da umarni da Hausa da Fulatanci a haɗe, ba mai jin wani. Ya ce a yanka ta biyu a haɗa a waje. Baba ya ce in aka yanka, naɗin zai warware gaba ɗaya, simintin ya zube. Murmushin nan ya tafi. Na ga fuskar tabarma tana dawowa, tsoro ya kama ni.

Direkta ya dafa ƙofar ya ce, "Wannan 'yar tsohuwar ƙofa ce matsala? A fasa mana, a gyara daga baya." Ya kalle ni. Na gane kallon.

Baba ya shiga ɗaki ya fito da babbar guduma. Ya ce, "Matsa, Uwata. Aikinki ya fi." Ya nufi ƙofar. Mutumin da kullum in zai fita sai ya dafa katakon saman nan ya yi wa mahaifinsa addu'a.

Ban san lokacin da na tsaya a bakin ƙofar ba. Ni, da na shekara goma ina zaginta! Na ce ba mai taɓa ta. Na ce Direkta ya yi haƙuri, laifina ne, na gani tun makon jiya na yi shiru. Ya ce za mu yi magana bayan hutu. Ya fita a fusace, ya buga goshi. Allah ya yafe min, na yi dariya.

Muka mayar da ita tsaye. Inna ta ce min a madafa, "Ke a makon jiya kika gani? Ni tun ranar da ta wuce igiyar shanya."

Juma'a, 20 ga Mayu

Yaranmu sun yi fareti da tutocin takarda. Zakin Nkololoun ya wuce, ana ta tafi. Ya yi kyau, ba zan yi hassada ba. Kunnensa ɗaya dai ya fi ɗaya.

Asabar, 21 ga Mayu, Babbar Sallah

Ɗan ragon da muka haɗa hannu da Baffa muka saya, a gindin hasumiya ya kwana a ɗaure. Ana saukowa daga Idi labari ya zaga unguwa. Masu kawo nama suka ƙi tafiya. Mata, yara, har liman. Kowa ya sunkuya ya shigo, ya ɗago, ya ce "Tabɗi!" Baba cikin babbar riga yana nuna yadda ya lanƙwasa katakon da ruwan zafi. Wata tsohuwa ta tambaya wa ya yi ƙofar da ta hana gwamnati fita, sai ga Baba yana ba da labarin Kaka, tun daga tahowarsa a ƙafa. Rabinsa ban taɓa ji ba.

Lahadi, 29 ga Mayu

Direkta bai amsa gaisuwata sosai ba har yanzu. Ban san me zai faru bayan hutu ba, kuma in na ce ba na jin tsoro na yi ƙarya.

Baba ba ya gida. Wani mai shago a Mboppi da ya zo kallo ya kira shi ya yi masa kanta, tun safe ya fita da zarto a kafaɗa. Inna ta ci gaba da shanya a jikin hasumiya, ba mai hana ta.

Kafin ya fita ya ce in ya samu sarari zai ɗaga min ƙofar nan yadda nake so tun da, a hankali, ba fasawa. Na ce ba sauri. Damina ce, siminti ba zai kama ba.

Da rani ma zan samo wani dalilin.