Babur ɗin Yaya Sale

Daren Laraba, Rano

Yau ma na dawo daga Kano hannu rabbana. Kamfanin da na nemi aikin direba a wurinsu sun yaba tuƙina, amma binciken 'yan sanda ya nuna kotu ta taɓa kama ni da laifin sayen babur na sata. Babur ɗin da ko hawansa ban taɓa yi ba.

Yaya Sale ne ya saya a Kibiya. Da 'yan sanda suka zo, Baba ya ce ni ne ƙarami, ba mata ba 'ya'ya, in ce nawa ne. Na amsa laifi a gaban alƙali ba tare da lauya ba, don Baba ya ce ɗaukar lauya tonon asirin gida ne.

Lauyar da na gani yau ta ce, "Malam Habu, da muna tare da kai ranar, da ba ka amsa ba." Ta ce za ta gwada neman a wanke sunana, amma sai Yaya ya yi rantsuwa cewa shi ya saya.

Bayan Isha'i na sami Yaya a ƙofar gida, na faɗa masa abin da lauyar ta ce. Ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Haba Habu, yanzu da ake ce mini Alhaji za ka kai ni kotu? Ka yi haƙuri mana."

Haƙurin da Baba ya ba ni ke nan a wancan lokacin. Baba ya rasu, Yaya ya je Makka ya dawo, ni kuwa har yau ni ne ɓarawon gidan.