Kada a Sayar da Keken Baba

Dutse, Jihar Jigawa,
Ranar Alhamis.

Zuwa ga Yayana Abdurrahman,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga yayanta, tare da fatan kana lafiya, kai da Anti Zuwaira da yara, da fatan aiki yana tafiya daidai a can Fatakwal. Allah Ya ƙara maka lafiya da buɗi, Ya tsare ku daga sharrin zaman baƙunta, Ya saka maka da alheri kan ɗawainiyar da kake yi da mu. Mu nan alhamdu lillahi. Damina ta yi kyau, geron gonar gida ya fi tsayin mutum. Inna tana nan da ciwon gwiwarta, amma bai hana ta faɗa da awaki ba. Baban Munira yana lafiya, ita kuma Munira ta shiga izu na biyar. Ƙafar Baba tana samun sauƙi, mai ɗori ya ce ƙashin ya kama, nan da sati uku zai taka ba sanda in Allah Ya so.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa daga mutumin da kuke waya kullum. Sau uku ina ɗaukar saƙon murya ina gogewa, don da na kai tsakiya sai muryata ta ƙi. Shi ya sa na zauna na rubuta a takarda, zan ɗauki hotonta in turo maka. Ka daure ka karanta har ƙarshe kafin ka kira ni, in ya so ka yi mini duk faɗan da ka ga dama, na cancanta. Magana ce a kan umarnin da ka bayar cewa a sayar da keken Baba. Ka yanke wannan hukunci ne a kan labarin da ba cikakke ba, kuma ni ce na rage shi.

Bari in faro daga ranar da ka ce in saya wa Baba babbar waya, andiroid, don ya riƙa ganin jikokinsa idan kun kira, ya kuma riƙa sauraren karatu. Ka ce ni ce 'yar birni, ni na san kan waya. Wallahi wannan yabon ya shiga kaina. Na tafi kasuwa a nan Dutse, shagon wani bawan Allah mai suna Abdulrauf. Kafin ya ɗauko komai sai ya tambaye ni wa zai riƙe wayar, kuma ina yake yini. Na gaya masa mahaifina ne, manomi, malami kuma, yana hawan keke daga garinmu a bayan Kiyawa ya zaga ƙauyuka uku yana biya wa magidanta littattafai. Sai ya ɗauko wata mai kauri, baƙa, gefenta duk roba. Ya ce wannan batirinta yana kwana biyu, ana ganin rubutunta ko a tsakar rana, tana da ƙara, kuma ko ta faɗi ko yayyafi ya taɓa ta ba ta damu ba. Ya ce har akwai ɗan maƙali da ake ɗaura ta a kan keke. Na juya ta a hannu, na ce masa ni waya na zo saya, ba bulo ba.

Idona ya riga ya faɗa kan wata siririya, doguwa, shuɗiya mai sheƙi, da kyamara uku a bayanta. Na ce wa kaina ai saboda kai ne, don ka ga fuskar Baba tar idan ka kira. Wannan rabin gaskiya ne. Ɗaya rabin shi ne ni ta burge, kuma ina so idan Baba ya fito da ita a gaban mutane a ce kai, 'ya'yan Malam sun yi ƙoƙari. Har na raya a raina zan riƙa aronta ranar suna ko biki. Abdulrauf bai yi musu da ni ba, amma da yana saka ta a kwali ya ce don Allah kada in sa mata makullin yatsa, domin hannun manomi fartanya ta cinye zanensa, wayar ba za ta riƙa gane shi ba. Na ce masa na shekara goma ina riƙe waya. Yanzu duk lokacin da na tuna yadda na faɗi wannan maganar sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da na kai gida na zaunar da Baba a zaure, na kama babban yatsansa ina dangwalawa. Sai da muka yi wajen sau ashirin kafin ta karɓa, ni kuwa ina ta dariya ina ce masa wayar ce take jin kunyarsa. Na sa mata lambobin sirri saboda ko ta ƙi yatsan, na rubuta su a 'yar takarda na ba Inna, ita kuma ta jefa cikin kwalla. Sannan na yi abin da ya fi komai muni. Na cire layinsa daga ƙaramar wayarsa mai madannai, wadda ya shekara takwas da ita yana kira ko idonsa a rufe, na sa a sabuwar, na ba wa Gwaggo tsohuwar kyauta. Hujjata wai in dai tsohuwar tana nan ba zai koyi sabuwar ba. Baba ya bi ta da kallo, sai ya sa mana albarka ni da kai.

Ka san halinsa a kanka. Kai ne ɗan fari, ko sunanka ba ya faɗa, sai dai ya ce mutumin Fatakwal. To ta yaya zai buɗe baki ya ce kyautar mutumin Fatakwal ba ta yi masa ba? Wata biyu yana yawo da ita a aljihun gaba, nannaɗe cikin hankici. Idan an kira shi yana gida, Inna ko wani ya ja masa fuskar wayar ya amsa. Duk lokacin da na tambaye shi yaya waya, sai ya ce sai godiya. Ni kuma ban taɓa cewa ya buɗe in gani ba, domin amsar ta yi mini daɗi. Bayan abin ya faru na duba wurin kira. Yaya, a wata biyun nan babu kira ko ɗaya da ya fita daga wayar.

Ga abin da ya faru a ranar, kamar yadda na tattaro shi daga baya. An yi ruwa da asuba, Baba ya fita da hantsi zai tafi Unguwar Gawo ta hanyar cikin gonaki. Wayar ta fi aljihunsa tsawo, ga santsi. Keken ya faɗa wani ɗan rami da ruwa ya ci, sai ta zame daga hankicin ta yi waje. Da tsohuwar ce da ya bar ta ta faɗi, ya tsaya ya ɗauka, ya sha yin haka. Amma wannan taka ce. Sai ya saki kan keken ya kai mata cafka, ya kama ta kuwa, shi kuma ya tafi ƙasa keken ya danne masa ƙafa. Ba jiri ya ɗebe shi ba, ba idonsa ne ya gaza ba. Mutumin da ya cafe waya a iska yana kan keke ai ba za a ce tsufa ya gama da shi ba.

Wayar ko ƙwarzane ba ta yi ba, kuma akwai sabis a wurin. Ya yi ta dangwala yatsa, ga laka ga gumi, ta ƙi. Daga baya ta nemi lambobin da ke cikin kwallar Inna. Rana ta take, fuskar wayar ta koma baƙi ƙirin, ko abin da take nema ba ya gani. Gero ya rufe hanyar ta kowane gefe, mutane kuma sun tafi kasuwa. Haka ya kwanta tun hantsi har bayan la'asar, ya yi azahar da taimama yana kwance. Wata Bafulatana mai suna Laraba ce ta tsince shi tana dawowa daga tallar nono. Ta ba shi ruwa, ta kare masa rana da faifai, ta ciro wata 'yar tsohuwar waya da aka ɗaure da kyauro ta kira mijinta ya zo da babur. Na je har rugarsu na yi mata godiya. Ita ce ta gaya mini ta same shi yana goge wayar da bakin rigarsa, yana sake gwadawa. A gabanta na fashe da kuka, har ta ɗauka rasuwa ya yi.

Sauran ka sani, don da kai aka yi. Ka kira muna asibiti, na sa wayar a fili kowa yana ji. Ka tambayi Baba me ya faru, ya ce ƙaddara ce, kuma shekaru sun ja. Bai yi ƙarya ba, rufa mana asiri kawai ya yi. Sai ka tambaya me ya sa bai kira kowa ba alhali yana da waya. Ni ce na yi caraf na ce babu sabis a wurin. Baba ya ɗago ya dube ni, sannan ya mayar da kansa. Wannan kallon bai bar ni ba har yau. A nan ne ka ce to hawan keke ya ƙare, a sayar da shi, duk mai son karatu ya zo gida ya same shi. Ka faɗa ne don tausayi, na sani. Ni kuwa na bar tsufansa ya ɗauki laifina.

Na koma wurin Abdulrauf kaina a ƙasa. Bai ce mini ai na gaya miki ba, Allah Ya saka masa. Ya karɓi shuɗiyar ya ba ni bulon da na raina, da maƙalinsa na keke. Ban sa mata makulli ko ɗaya ba. Na ƙara girman rubutu, na sa hotunanmu a fuska, in ya taɓa hoton mutum sai kira ya tafi. Na fitar da Baba tsakar gida da rana tsaka, na sa ya jiƙa hannu da ruwan alwala, ya kira ni, ya kira Inna tana zaune kusa da shi har ta yi tsaki. Hotonka ne kawai ya tsallake, ya ce wannan ya san yana aiki. Na roƙe shi gafara, ya ce shi bai ga abin da na yi masa ba, kuma kada in kuskura in ɗaga wa mutumin Fatakwal hankali. Ka ga ke nan yau ma na saɓa masa.

Abin da nake roƙo ɗaya ne. Ka janye maganar keken. Magidantan nan ba za su bar gona da damina su zo gida ba, kai ma ka sani, kuma Baba ba zai taɓa ce maka a'a ba. Kawu Mu'az ya samo mai saye, zai zo ranar Lahadi. Jiya na je gida na tarar Baba ya sa an jingine masa keken kusa da tabarmarsa a zaure. Yana zaune da ƙafar ɗori a miƙe, ya wanke sarƙar da kananzir ya sa mata mai, yana bin wayoyin ƙafar keken ɗaya bayan ɗaya da tsumma. Na yi murna, na ɗauka shirin hawa yake yi. Sai ya ce mini a'a, ba ya so ne mutumin da zai saya ya same shi da datti. Yaya, saura kwana uku. Ni na yi laifin, kada a karɓe masa keke a kaina.

Ka gaishe mini da Anti Zuwaira da kyau, ka shafa mini kan Safa da Mujahid. Inna da Gwaggo da Kawu Mu'az suna gaishe ku, haka baban Munira da ita Munira. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri. Ka yafe mini, sannan ka kira Kawu kafin ka kira ni.

Ƙanwarka mai jin kunyar haɗa ido da kai,
Adawiyya.