Ɗana ya yi rantsuwa a kan allurar jikana

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya hana ni sakat.

Ni tsohuwa ce, a wani ƙauyen fadama wajen Kirikasamma aka haife ni, zamanin Turawa. Ina yarinya masu lamba suka zo mana a kwalekwale, wai rigakafin agana, a tsaga maka dantse a ɗiga magani. Dagaci ya ce duk wanda ya ɓoye ɗa zai gani, to sai iyayenmu mata suka koma dabara, a bari a yi, ana shiga gida a goge wurin da lemun tsami don kada ya kama. Inna ta goge wa ƙanena Sale, ni ko ba a goge min ba, don ana gama yi min lambar na tsere wajen masunta kallon kifi. Hannuna ya kumbura, har duka na sha. Da agana ta shigo da rani, ni ko ƙurji, Sale kuwa a tabarma aka fita da shi. Har Inna ta rasu ba ta ƙara ambaton sunansa ba.

Shi ya sa duk jikokina ni nake tasa ƙeyar iyayensu zuwa asibiti. To na ƙarshen nan, Abba, an yi masa ta zamani, wadda ake haɗa magani biyar a allura guda, ya kwana biyu jiki kamar garwashi, kuka har murya ta dishe. Malamar asibiti ta ce haka take yi, zai wuce, ya kuwa wuce. Amma ɗana ya ce ina jariri ina ɗaukar magani biyar, in da gaskiya a rarraba masa ɗaya-ɗaya, ma'aikatan asibitin suka ce su haka take zuwar musu. Shi ne ya rantse in matarsa ta sake kai yaron, a bakin aurenta. Na yi faɗa har na gaji, ya ce Inna ke a naki zamanin ai guda ɗaya aka yi miki. Wallahi ni ma daren zazzaɓin nan na tsorata.

Yanzu mashaƙo ya shigo unguwarmu a Hadejia, jiya aka binne 'yar maƙota, rigakafinsa kuwa yana cikin allurar nan. Surukata ta zo tana kuka, wai rantsuwar ba ta hau kaina ba, in goya shi in kai shi a yi masa allura ta biyu ranar Alhamis.

In kai shi a ɓoye, zazzaɓi ya tona mu, yarinya ta rasa ɗakinta? Ko in naɗe hannu in jira? Ku faɗa min, jibi ne Alhamis ɗin.