Agogon ordinata ya koma baya

Agiye, daren Laraba, ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe

Na gaji, idanuna har yaji suke. Tun safe nake fama da manhajarmu mai koya wa ordinata, wato kwamfuta, zana haske da inuwa. Ni aikina in haɗa guntayen da abokan aiki ke aikowa daga ƙasashen waje, su zama abu guda. Yau duk gyaran da na saka, sai ta ce ba ta ga sabon abu ba.

Sai la'asar na gano. Jiya Kawu Idi ya ɗauke grup ɗin gida, injinmu na ba da wuta, ya kai taron jam'iyya, wuta ta yanke, agogon tsohuwar ordinatata ya koma shekarun baya. Tsarin haɗin kuwa da kwanan wata yake bambance sabo da tsoho.

Na yi masa magana, ya ce, "Ɗana, mu ƙasa muke gyarawa, kai kana zanen inuwa?"

Abokan aiki sun ce in bai haɗu ba ranar Juma'a, wani za su ba aikin. Na daidaita agogon, haɗin ya fara tafiya. Yanzu Kawu ya leƙo, wai gobe akwai taro a Gazawa, zai sake ɗaukar grup ɗin.