Sabon Inji, Tsohon Birki

Zuwa ga ɗana, Babban Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya kai da iyalinka. Allah ya tsare ku, ya sa albarka a aikin da ya kai ka nesa da mu. Mu nan da sauƙi. Babanku ƙafar hagun har yanzu jan ta yake yi, amma harshensa ya sake, kuma yana cin abinci da hannunsa. Ƙanwarka Nas lafiya lau, sai gajiyar aikinta na asibiti. Gwaggonku ta sha fama da tari, ya lafa. Ni gwiwa ce kamar kullum, ga barci da ya ƙaurace mini. Auta kuwa lafiyarsa ƙalau, lafiyar ma ta yi masa yawa, kuma a kansa ne na zauna rubutun nan.

Na san za ka ce me ya hana in kira ka. Na kira. Kai a waya kullum kana tsaye bakin aiki, ka ce Inna kada ki damu, ka yi dariya ka kashe. Shi ya sa na ɗauko biro. Rubutun da na koya da furfura a kaina ba ya sauri, kai ma kada ka yi saurin karanta shi. Nas za ta ɗauki hotonsa ta tura maka yau.

Maganar motarka ce, jar nan ta tsere mai kujera biyu, wadda injinta ya buga kafin ka tafi, ka lulluɓe ta da tamfol a tsakar gida ka ce kada kowa ya taɓa. Auta ya taɓa. Ya samo injin wata ƙatuwar jif da ta kife a hanya, bodinta ya yamutse amma injin bai yi komai ba. Shi da abokinsa Dogo mai walda suka kafa ƙarafa a inda nake shanya, suka rataya sarƙa, suka zaro tsohon injin kamar ana cire haƙori. Da aka kawo sabon sai na matsa na dube shi. Naka mai fulogi huɗu ne, wannan an ce takwas. Ko ni da ban san komai a mota ba na ga ramin bai kai girman abin da za a zura masa ba. Na faɗa wa Auta haka, ya ce ai aikin ke nan, Inna, rami ake faɗaɗawa. Suka yi ta yanka, suka yi ta walda, tartsatsi har kan zanin gadona. Giyabos ɗin ya ƙi haɗuwa da injin, suka ɗauko na jif ɗin. Lagireto ya rasa wurin zama, suka tura shi gaba. Bonet ya ƙi rufuwa, suka huda masa taga a tsakiya, yanzu kan injin yana leƙowa waje. In ka ga motarka ba lallai ka gane ta ba. Na tambaye shi wa ya ba shi izini, ya ce kai. Ya ce kun yi magana ka ce in zai iya tayar da ita ya tayar. Gaskiya ne?

Na sa rai babanku zai tsawatar, amma ka san mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan sitiyari. Ranar da injin ya tashi, tagogi suna karkarwa, kwanukana suna rawa a kan kanta, sai ga shi ya jawo ƙafa ya fito da kansa, mutumin da rabonsa da tsakar gida tun da ciwon ya same shi. Ya dafa mota ya lumshe ido yana murmushi, wai a ƙara mata totur ya ji. Tun ranar, nan yake wuni, yana nuna musu abu da sandarsa. Na ji daɗin ganinsa a waje, ba zan ɓoye maka ba. Amma da na kawo masa kukana sai ya ce mata ba su san daɗin ƙarar inji ba, in bar yaro ya yi abin da yake so. Ka ga ta nan ba ni da mataimaki.

Abin da ya tsinka mini zuciya ya faru ranar Talata. Auta ya ce zai zaga da ita layinmu kawai. Ka tuna dokin ƙofar get ɗinmu, wanda motar take hayewa ba ta ko shafe shi ba? Wannan karon sai da cikinta ya kankare siminti, don gabanta ya yi ƙasa saboda nauyi, kamar mai shirin durƙusawa. Ina tsaye a bakin get ya ɗan taka ta, wallahi ɗan takawa, sai ta zabura. Ya kai kwanar makarantar yara ya taka birki, na ga jan fitilun baya sun kama, amma motar tafiya take yi. Tayoyi suna ihu, ita tana tafiya. Ta kwashe teburin mai sayar da lemo, ta tsaya gab da katangar makarantar, tsakaninsu ko mutum ba zai ratsa ba. Allah ya sa yara suna aji, ita kuma mai lemon ta tsallaka neman canji. Auta ya fito yana dariyar da ba ta kai ciki ba, yana tsince mata lemo, wai yashi ne a kan kwalta. Na je na duba da idona. Babu yashi. Baƙin layi biyu ne dogaye, da warin ƙonewa.

Da Dogo ya zo wanke hannu a famfon bayan kicin na tsare shi, na ce ya dubi girman Allah ya gaya mini gaskiya. Ya daɗe yana murza sabulu kafin ya ce birkin na ƙaramin inji ne, an yi shi don mota marar nauyi, kuma shokozoba da sifirin masu ɗaukar nauyin gaban motar duk sun gaza. Ya ce sun yi odar manyan birki amma ba za su iso ba sai wani watan, ya kuma yi wa Auta magana har sun yi faɗa. Shi dai ya ce ba zai shiga motar ba ko da kuɗi.

To ga inda muke. Auta ya riga ya yi wa abokansa alkawari ranar Lahadin nan zai fito da ita sabon titin bayan gari da ba a buɗe ba, inda suke taruwa suna gwada gudu. Ya ce an daɗe ana yi masa ba'a, ana kiran motar akurkin kaji, in ya ɗaga ranar ba zai iya haɗa ido da kowa ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka. Ya durƙusa ya riƙe ƙafata yana cewa Inna ni fa na san hannuna. Hannunsa na sani, ƙafarsa ce ban yarda da ita ba in abokai suna tafi.

Da na rasa yadda zan yi sai na ce masa shi ke nan, tunda kujera biyu ce, ɗaya tawa ce, tare za mu je. Ya yi dariya har da riƙe ciki, wai gwiwata ba za ta bar ni in sunkuya in shiga ba. Yana fita na sa Nas ta kama ni na shiga. Zama ne kamar a kan tabarma, kana kallon ƙafafun mutane, ga zafi yana taso maka ta ƙasa ko da injin ya jima a kashe. Ya dawo ya same ni a ciki, dariyar ta ɗauke. Washegari na fito na tarar ya kwance kujerar ya jingina ta da bango, wai rage nauyi yake yi. Na shiga kicin na ɗauko 'yar kujerata ta katako da nake zama in yi girki, na ajiye a gurbin. Ya fitar da ita, na mayar. Ya sake fitarwa, na sake mayarwa. Yanzu ya bar ta, kuma ya daina cin abinci a gida. Gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma kansa a ƙasa. Nas ta ce dukanmu biyu mun haukace, ita ta gaji da ganin irin waɗanda ake kawo musu daga titin nan, kada mu sa ta karɓi 'yan gidansu.

Ɗana, ni ba gudu nake so ba, ko motar haya in ta cika sauri salati nake yi. Kuma ba so nake a wulaƙanta wahalar yaron nan ba, ya yi aiki, hannuwansa duk ƙuna ne da yanka. Cewa nake a jira birki. Maganata ta zama ta tsohuwa mai tsoro, ta babanku kuwa ka ji inda ta karkata. Saura kai. Motar taka ce, kuma Auta tun yana rarrafe bai taɓa tsallake maganarka ba. In ka ba shi izini, ka janye har sai an ɗaura sabon birki. In ba ka ba shi ba, ka faɗa masa da bakinka. Zai sami abin gaya wa abokansa, ya ce mai mota ne ya hana, ba sai an ce tsoro ya ji ba. Kada ka zage shi, ka san in aka zage shi ƙara taurin kai yake yi. Ka fara yaba masa aikin tukuna.

Ka gaishe mini da matarka, Allah ya saka mata da alheri kan maganin gwiwar da ta aiko. Ka shafa mini kan Babban Mutum da 'yar ƙanwarsa Mai Kumatu. Babanku, Gwaggo da Nas duk suna gaishe ku.

Ina jiran amsarka kafin Juma'a ta wuce, gare ni da gare shi, a rubuce, don kada ya ce ban ji daidai ba. In Lahadi ta zo ban ji daga gare ka ba, ka san inda zan kasance. Kujerar tana cikin motar, a tsaye nake girki.

Ni ce mahaifiyarka,
Inna